Taƙaita Sutura: Mene Ne Tsarin "Kafsul", Kuma Zai Zauna A Akwatinmu?

Kala nawa ne zai ishi mutum ya yi shekara cikin mutunci? Tambayar da ta dawo bakin mutane ke nan tun da wasu bidiyoyi suka fara yawo a TikTok da Facebook, inda za ka ga wata baturiya, ko wata 'yar Duwala, ta buɗe durowar kayanta, riguna 'yan ƙalilan a rataye, ta ce da waɗannan kaɗai take rayuwa kuma hankalinta kwance. Da Turanci da Faransanci duka, kalmar da suke nanatawa ita ce "kafsul". A nan Garwa ta ƙasar Kamaru wasu sun ce rowa ce aka raɗa mata sunan boko, wasu kuma sun ce talauci ne aka shafa masa hoda. 'Yan matan da abin ya burge kuwa sun ɗauka sai an ture atamfa gefe, an sayo farar riga da baƙin siket, kafin a ce an shiga tsarin. A ganina duk an saki reshe an kama ganye, shi ya sa nake son mu bi maganar daga tushe.

Me kalmar take nufi?

Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Ita ce dai kafso ɗin da muke saya a kantin magani: ɗan ƙaramin ƙoƙo da aka tattara abu mai ƙarfi a cikinsa. Da aka aro ta zuwa harkar tufafi, sai ta zama tana nufin 'yan kaya kaɗan da mutum ya zauna ya zaɓa da hankali, masu inganci, waɗanda ba a saurin daina yayinsu, kuma kowanne yana shiga da ɗan'uwansa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan abin. Idan mace tana da riguna biyar da siket huɗu, kuma kowace riga ta dace da kowane siket, to tana da shiga iri ashirin daga kaya tara. Idan kuwa kowace riga da nata siket ɗin da ba ya shiga da wata, shigarta huɗu ce kawai, riga ɗaya ma ta yi saura.

Saboda haka ba a auna tsarin da ƙarancin kaya kaɗai. Mai kala uku da bai zaɓa ba, rashi ne ya hana shi ƙari, ba ya cikin wannan lissafi. Haka nan babu wani adadi da aka yanke cewa shi ne doka.

Daga ina tunanin ya taso?

Wadda aka fi jingina wa yaɗa kalmar ita ce Susie Faux, mai wani kantin tufafi a Landan da ake kira Wardrobe, a shekarun 1970. Shawararta ga mata masu zuwa aiki ita ce su mallaki 'yan muhimman kaya masu kyau da za su daɗe, sannan su riƙa ƙara ɗaya ko biyu idan yanayi ya sauya. A 1985 wata mai zayyana tufafi a Amurka, Donna Karan, ta fito da jerin kaya guda bakwai da ake cuɗanya su, mace ta je ofis da su, ta kuma halarci liyafar dare da su. Nan ne abin ya shiga manyan kantuna.

Adadin nan na 33 da ake yawan ambata a bidiyo ya zo ne daga baya. A 2010 wata ba'amurkiya mai suna Courtney Carver ta ƙirƙiro wani gwaji da ta kira Project 333: mutum ya yi wata uku da abubuwa 33 kacal, har da takalma da kayan ƙawa, ban da kayan ciki da na barci da na motsa jiki. Wata ukun ma yana da dalili, domin su shekararsu kashi huɗu ce, kowane yanayi da irin tufafinsa.

Abin da ya sa mutane suka rungumi wannan shawara a can shi ne kaya sun yi musu yawa har sun zama nauyi. Kamfanoni irin su Zara da H&M, daga baya kuma Shein, sun mayar da tufafi abin da ake sauyawa kusan kowane mako, da araha, ana ɗinka su a ƙasashen da ladan ma'aikaci bai taka kara ya karya ba. Ranar 24 ga Afrilun 2013 wani bene mai suna Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, mutane sama da 1,100 suka rasu, akasarinsu masu ɗinki ne da ke yi wa kantunan Turai da Amurka aiki. Wannan musiba ta sa masu saye da yawa suka fara tambayar kansu wa ke biyan sauran kuɗin rigar da suka samu da araha. To ka ji ciwon da aka haɗa wa wannan magani. Kafin mu sha, ya kamata mu duba ko irin ciwonmu ne.

Inda kayan da suka zubar ke ƙarewa

Akwai abin da bidiyoyin ba sa nunawa. Idan baturiya ta kwashe rabin durowarta ta kai wurin masu karɓar sadaka, wani kaso mai yawa na kayan ana matse shi ne a ɗaure dila-dila, a loda a jirgin ruwa. Namu yana sauka a tashar Duwala, ya biyo hanya har arewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin 'yan gwanjo a babbar kasuwar Garwa lokacin da ake fasa dila ya san yadda abin yake: a yanke igiyar, kayan su kumburo su baje, warin maganin da aka fesa musu ya tashi, hannuwa goma su afka a tare, kowa na neman na farko-farko. Abin da ya rage a ƙasa bayan an tsince, wani ko kyauta ba mai ɗauka. A Akara ta ƙasar Gana, kasuwar Kantamanto ta yi suna kan wannan matsala, domin tarin tsummokaran da ba su sayuwa suna ƙarewa a juji da bakin teku. Ruwanda ta ƙara wa gwanjo haraji don ta kare masaƙunta, sai Amurka ta janye mata rangwamen shigar da tufafi kasuwarta a 2018.

Abin da ke ci mini rai shi ne mu masu noman auduga ne. Hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON tana nan Garwa tun kafa ta a 1974, kuma kamfanin CICAM yana da masaƙa a garin nan. Amma mafi yawan audugar da manomanmu ke shan rana a kanta ana fitar da ita waje ne ba a saƙa ba, sannan mu dawo muna rububin rigar da wani ya gaji da ita. Ban ce gwanjo sharri ne ba. Ya rufa wa gidaje da yawa asiri, ya kuma ba dubban matasa sana'a. Sai dai arahar gwanjo da ta yadin roba ta sa mu ma mun fara tara abin da ba ma sawa.

Mazanmu sun daɗe a kan wannan tsari

Da na fahimci ma'anar abin, mahaifina ne ya fara faɗo mini a rai. Duk suturarsa a fantimoti ɗaya take. Farar shadda ta Juma'a, babbar riga ɗaya mai aiki a wuya da ba ta fitowa sai Sallah ko ɗaurin aure, kaftani uku na zuwa kasuwa, jallabiya ta zaman gida da sallar asuba, sai huluna. Hular ce ke sauya masa kama. Yau ya ɗora mai ruwan ƙasa, gobe mai shuɗi, sai ka rantse sabon ɗinki ne. Idan shaddar ta sha wanki aka kai wa masu bugu, ta dawo tana ɗaukar ido tana ƙamshin sitati, ba wanda zai ce ta shekara biyar. In ta koɗe a kai ta rini, ta sake sabuwar rayuwa.

Ba shi kaɗai ba ne, haka yawancin dattawanmu suke daga Marwa har Ngaundere. Kaftani ba ya tsufa a yayi, launukan maza kuma ba su da yawa: fari, shuɗi, ruwan toka, ruwan ƙasa. Namiji zai maimaita riga ɗaya a ɗaurin aure biyar, ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi. Samari masu bin sabon salon ɗinki duk Sallah ne suka fara kauce wa wannan hanya.

Akwatin mace: a nan gizo ke saƙa

Ga mace lissafin ya sha bamban, kuma duk wanda ya ce mata kwaɗayin kaya ne ke damun su bai zauna da su ba.

Da farko, yadda muke ɗinki bai yi kama da na Turawa ba. Turmin atamfa yadi shida ne, daga cikinsa ake fitar da riga da zani ko siket da ɗankwali, duk zane ɗaya. Shi ya sa muke ƙirga kaya da kala. Rigar wannan atamfa ba ta hawa kan zanin waccan, sai dai a zaman gida. Ke nan lissafin nan na riguna biyar da siket huɗu ba ya aiki kai tsaye. Inda mace take da sararin cuɗanyawa shi ne mayafi da hijabi da takalmi da jaka, sai doguwar riga ko abaya wadda ke tafiya da kowane gyale. Matan Kusiri da Njamena masu naɗa lafaya sun fi mu sauƙi a nan, domin 'yan riguna kaɗan marasa zane a ciki sun isa, lafayar ce ke magana.

Sai anko, wanda shi ne babbar ƙofar da kaya ke shigowa ba da shawarar mai akwati ba. Biki ya taso a dangi, an fitar da atamfa ko leshi, an turo hoto a WhatsApp, an faɗi kuɗi. Ba ke kika zaɓi launin ba, wataƙila ma bai karɓi fatarki ba, amma rashin yi yana nufin ba ki ɗauki mai bikin da muhimmanci ba. Ranar naki bikin za a tuna. A shekara guda mace mai dangi da ƙawaye za ta iya yin anko biyar ko shida, kowanne a sa shi sau ɗaya ko biyu ya koma ƙasan akwati, domin duk inda kika shiga da shi an san na bikin wance ne. Mu a Kamaru muna da ƙari a kan wannan: zanen 8 ga Maris da ake fitar da sabo duk shekara don ranar mata, da rubutu da shekara a jikinsa, ga na ranar ma'aikata, ga na ranar malaman makaranta, ga na ƙungiyoyi da na 'yan siyasa. Zanen da aka buga wa shekara a jiki, da kansa yake faɗin tsufansa.

Hotuna sun ƙara dagula lamarin. A da in kin maimaita kaya, waɗanda suka halarci taron farko ne kaɗai suka sani. Yanzu hoton yana wayar kowa.

Akwai kuma abin da masu bidiyon ba za su taɓa ganewa ba, wato cewa zani a wurinmu ajiya ne. Wata rana na taya gwaggona gyaran ɗaki, muka janyo wani tsohon akwati daga ƙarƙashin gado. Tana buɗewa ƙamshin kafur da turaren wuta ya cika ɗakin. Turamen atamfa ne a jere, ba a taɓa sa musu almakashi ba, wasu har da takardarsu a manne, biyu daga ciki 'yan Holan ne tun na lefenta. Na ce, "Gwaggo, waɗannan fa? Shekara da shekaru suna kwance, ba za ki ɗinka ba?" Ta shafa na saman da tafin hannunta ta ce, "Ke 'yar nan, waɗannan ba na ɗaurawa ba ne. Ranar da ciwo ya buga ƙofa da tsakar dare, wa za ki tasa ya ba ki bashi? Dillaliya kawai zan aika wa." Ta nuna mini wanda ta ware wa jikarta in aure ya zo, da wanda za ta kai barka. Tun ranar na daina yi wa irin wannan akwati kallon tarkace. Turmin da ba a yanka ba yana riƙe daraja, ana sayar da shi, ana yin biki da shi, ana fita kunya da shi. Wanda aka ɗinka kuwa, daga ranar da tela ya yanka shi kuɗinsa ya faɗi. Duk mai son taƙaita sutura a gidan Bahaushe dole ya raba waɗannan biyun, in ba haka ba zai sa mace ta rabu da bankinta da sunan wayewa.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon baya suna kawo hujjar kuɗi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Suna cewa a daina tambayar nawa aka sayi kaya, a tambayi nawa kowace sawa ta ci. A matsayin misali, shadda mai kyau da ta ci sefa 30,000 har da ɗinki, in an sa ta sau sittin, kowace sawa ta tashi a sefa 500. Yadin anko na sefa 10,000 da aka sa sau biyu kuwa, kowace sawa sefa 5,000 ce. Hausawa sun riga sun faɗa, araha ba ta ado. Suna kuma ambaton sauƙin shiri da safe, da raguwar wanki da guga, da samun fili a ɗaki.

Masu suka su ma ba su rasa abin faɗa ba. Kaya mai inganci yana son kuɗi a dunƙule, kuma ba kowa ke iya fitar da kuɗin shaddar Getzner ko na atamfar Vlisco a tashi ɗaya ba, ko da ya san sun fi ƙarko. Mai ƙaramin ƙarfi yana sayen mai araha ne don abin da ke aljihunsa ke nan yau. Sannan ƙarancin kaya yana nufin yawan wanki, kuma a unguwar da ake sayen ruwa a jarka, ga tsadar sabulu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wata sukar da na yarda da ita ɗari bisa ɗari ita ce 'yan kasuwa sun riga sun mayar da tsarin hanyar talla. Za a ce miki ga abubuwa goma da dole ki mallaka, ki latsa nan ki saya. Shawarar da aka kawo don a rage saye ta koma dalilin sabon saye.

Wasu na kawo addini a kowane gefe. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta haɗa abu biyu wuri guda: umarnin yin ado idan za a je masallaci, da hani ga almubazzaranci. A hadisin da Muslim ya ruwaito, da wani ya ce mutum yana son tufafinsa da takalminsa su yi kyau, Annabi (SAW) ya amsa cewa Allah mai kyau ne kuma yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Don haka ba a ce a yi ƙazanta ko ƙauro ba, ba a kuma ce a ci bashi don a kece raini ba.

Yadda zai iya zama namu

Idan za mu ɗauka, sai mu auna shi da yanayinmu. Shekararmu ba kashi huɗun Turai ba ce. A Garwa da Marwa zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, lokacin da yadi mai roba ke manne wa jiki yana riƙe gumi, auduga mara nauyi ce kaɗai ke yi wa mutum adalci. Damina na son kayan da ke saurin bushewa. Hunturu na son rigar sanyi ɗaya ko biyu da launin da ba ya nuna ƙura. Mutumin Ngaundere, da yake kan tudu, zai buƙaci kayan sanyi fiye da namu.

Mafarin aikin ba kasuwa ba ne, akwatin da ke ɗaki ne. A fito da komai a baje a kan tabarma, a ware na zaman gida, na fita unguwa ko aiki, da na biki da Sallah. Wanda aka shekara ba a taɓa ba, a tambayi kai dalili. In matsewa ya yi, tela zai buɗa shi. In salon ɗinkin ne ya wuce, sau da yawa zanin yana nan lafiya, ana iya fitar wa yarinya riga daga ciki. Daga nan in za a yi sabon ɗinki, a roƙi tela ya yi mai sauƙi wanda zai kai shekaru, ya bar sarari a gefe saboda jiki na sauyawa. Mayafai uku ko huɗu marasa zane, baƙi da fari da ruwan madara da wani launi da ya fi yawa a atamfofinki, sun fi goma masu ado da kowanne kala ɗaya yake bi.

Abin da aka cire kuma muna da hanyarsa tun kaka da kakanni, wato kwance. Yaya ta yi wa ƙanwa kwance, uwar gida ta yi wa mai taya ta aiki, a kai wa 'yan'uwa na ƙauye. Sai dai a bayar tun kayan na da sauran kyau, kada a jira su zama tsumma.

Telolinmu da masu sayar da atamfa na iya jin tsoron cewa wannan zai rage musu ciniki. Zai iya rage yawan ɗinkin gaggawa na jajiberin Sallah, wanda dama shi ke haddasa saɓa alkawari da faɗa a bakin shago. Amma mai son kaya ya daɗe dole ya nemi gwanin tela ya biya shi da kyau, ya kuma riƙa dawowa gyara. Masu rini da masu bugu su ma aikinsu ƙaruwa zai yi.

Anko ne dai mutum ɗaya ba ya iya magance shi, domin ba a akwati matsalar take ba, tana tsakanin mutane. Wadda ta ƙi yi ita kaɗai za ta sha gori. Amma dangi ko 'yan adashi in suka haɗa baki suna iya sauya shi. A bikin wata 'yar ƙanwar mahaifiyata bara, uwar amarya ta tara mu ta ce, "Ba zan ɗora wa kowa nauyi ba, kowa ta zo da shuɗin da take da shi." An yi gunaguni da farko, wata ma ta ce bikin ba zai yi armashi a hoto ba. Ranar wuni sai ga tsakar gida ta cika da shuɗi iri-iri, mai duhu da mai haske, shadda da atamfa da leshi. Gwaggo ta zo da wani zanin rini da ta ce tun kafin a haife ni take da shi, kuma shi aka fi tambayarta inda ta samo.